Masar Darma

"...da gajiyar mota? Ƙaƙa kunka baro mutanen Shinkahi?"

"Lahiya lau, suna gaisuwa. Barka da arziki, Allah shi raya. Ina mai jego, ina angona?"

"Suna ciki, barci sukai. Zamna bisa darduma, kak ki zamna ƙasa. A kawo maki ruwa, ko hura?"

Yalwa ta tsaya da ƙullin kayanta a ka, ta dubi mai maganar tun daga hula har silifa. Duk wanda ya san Maitama na bayan tashar jirgi a Kaura Namoda ya san ba haka yake tarbar ta ba. Taubashiyarsa ce, 'yar gwaggonsa Kulsumu, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa an ƙare lafiya ba. Yau ga darduma, ga tayin fura. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya tsamar da shi kuwa ga shi. Maitama tsohon ma'aikacin reluwe ne, shi ne mai matse ƙofar taragon kaya da ɗan hatimin darma. Da jirgi ya koma zuwa jefi-jefi aka sallame shi, amma hannunsa bai sallami darma ba. Ya kafa ɗan murhu a bayan rumbu, inda uwargida Suwaiba ta kora shi don hayaƙin yana sa ta ciwon kai. Mataccen batirin mota, guntun bututu, duk abin da ya ɗaga a bola ya ji nauyi, sai ya kwaso ya narka ya juye a mazubin yumɓu. Ba sana'a ba ce, ɗebe kewa ne kawai. Ya yi wa masuntan gulbin Gagare nauyin taru kyauta, ya yi wa 'yan dara 'ya'ya, shi kuma ya tara wa kansa garke guda a kan dakalin zaure: raƙuma, zakaru, da wani jaki mai kunne ɗaya da yake ji da shi kamar ɗan auta.

Sai ga Shari'a ta zo, sai ga 'yarsa Mubaraka ta dawo gida haihuwar fari, sai ga saƙo daga Zurmi cewa uban mijinta, Na'ibi Abdulrahman, da kansa zai zo raɗin suna. Na'ibi kuwa mutum ne da ko hoton kalanda ya gani a ɗaki sai ya juya shi ya dubi bango. Maitama ya kalli garkensa, ya tuna abin da ake faɗa a wa'azi kan surar abu mai rai, kunya ta kama shi tun baƙo bai taso ba. Shekaranjiya ya tattara su kaf ya zuba a kasko. Sai da darma ta narke tana ƙyalli sannan ya tuna ba shi da inda zai juye ta, don mazubansa duk na dabbobi ne. Yana waigawa ya ga tandar masar Yalwa jingine a gindin rumbu, wadda ta aiko a mota tun farkon mako saboda ita za ta soya masar suna. Gurabe zagaye sumul, kamar don shi aka yi su. Shaiɗan bai sha wata wahala da shi ba.

Yanzu tandar tana cikin rumbu a fashe gida biyu, an lulluɓe ta da buhu. Ba kuma kowace tanda ba ce: ta yumɓu ce, gadon Gwaggo Kulsumu, ita kaɗai Yalwa ta ce a ba ta ranar da aka raba kayan tsohuwar. Maitama ya sayo sabuwa ta ƙarfe a kasuwa ya ɓoye bayan ƙofa. A aljihun rigarsa kuma akwai masar darma guda ɗaya, wadda ya kasa jefarwa, ya kuma kasa mayarwa wuta.

"Maitama," in ji Yalwa, tana sauke ƙullinta, "wa ya rasu?"

"Subahanallahi! Babu wanda ya rasu."

"To ciwo kakai? Likita ya hwaɗa maka wani abu?"

"Lahiyata lau."

"Tun muna yawo ba wando nika shigowa gidanku, ban taɓa samun abin da ya wuce 'ga baiwata ta zo shara' ba. Yau har da darduma?"

Maitama ya ga in bai yi maza ya zage ta ba, asirinsa a zaure zai tonu. Ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na ƙarfin hali.

"Dardumar ba don ke ba ta, don ƙasar gidana ta. Kak ki shahwa mata dauɗar kasuwar Shinkahi, gobe muna da manyan baƙi."

"Yawwa! Yanzu nij ji muryar bawana."

"Bawa? Ni ɗan namiji na, ke ɗiyar mace. Ko Shari'a da taz zo ba ta sake wannan ba. Ga tsintsiya can."

"Ɗan namijin da ya tsuhwa yana wasa da wuta awa ɗan yaye? Kawu dai ya yi ƙoƙari, amma Allah bai ba shi sa'a ba." Ta zauna, ta miƙe ƙafa, idonta ya sauka kan dakali. "Af! Ina garken?"

"Wane garke?"

"Dukiyarka mana. Raƙuman da ba su tahiya, zakarun da ba su cara."

"Na kai su Moriki na saida."

"Kasuwar shanu? Wa ya sayi jaki mai kunne guda?"

"Wani Bahillace. Ya ce irin shi yaka nema, wanda ko an zuga shi rabi zai ji."

"Raƙuman hwa?"

"Sun bi ayarin Agadas."

"Zakarun?"

"Sun ji wa'azi sun tuba."

Yalwa ta tafa hannu tana dariya har ɗankwalinta ya zame. "Kai dai hwaɗi gaskiya. Ka ji Na'ibi za shi zo, ka kwashe su ka tura ƙarƙashin gado. Tsohai-tsohai da kai, da hurhura har cikin hanci, kana tsoron suruki awa sabon ango!"

Wannan ta shige shi, don gaskiya ce, ko da yake gara ma a ce ƙarƙashin gadon ne. Ya yi dariyar yaƙe, ya gyara zama ya karkata gefen aljihunsa wajen bango.

"To, bar zancen garke," ta ce. "Suwaiba ta jiƙa shinkahwa?"

"Tun jiya."

"Madalla. Ɗauko mani tandata in gasa ta in shahe ta da mai. Ta kwan biyu ba ta ga wuta ba."

Ta ga wuta, in ji Maitama a zuci, wutar da ba ta taɓa gani ba. Ya tashi ya leƙa bayan ƙofa, ya fito da sabuwar tandar ƙarfe tana walƙiya, ya ajiye gabanta kamar mai ajiye lefe.

"Mi ne na wannan?"

"Tanda ta. Ba ki da ido?"

"Na ga tanda. Tawa nika tambaya."

"Ke matsalarki ƙauyanci. An yi sabuwar jaha, an yi sabuwar gwamnati, an yi sabuwar doka, ke kina nan da tsohuwar tanda tun ta zamanin Sakkwato. Na ce bari in hidda ki kunya."

"Allah shi saka. Ina tawa?"

"An... an kai ta Gusau."

"Gusau?"

"Rajista. Doka ta hito, duk tandar da ta wuce shekara talatin sai an kai ta hedikwata an duba gurabenta, kada a tauye wa Musulmi masa."

"Ikon Allah! Ni da nika kwana da rediyo ga kunne ban ji ba?"

"Ranar batirinki ya mutu."

"Ya mutu ko ka sace ka narke?"

"Na ƙaramin rediyo ba shi da darma," ya ce da sauri, sannan ya ciji leɓe, don ya san ba wurin nuna sani ba ne.

Yalwa ta ƙwanƙwasa tandar ƙarfen da farce, ta yi ƙara ƙal-ƙal, ta tura ta gefe da ƙafa. "Ka ji ta, sai baki, awa mai ita. Wagga in ka zuba ƙullu kama shi takai, sama ɗanye ƙasa ƙonanne. Da tsohuwar zuma aka magani, Maitama. Waccan tandar Inna da kanta tat tahi gidan masu ginin tukwane tun tana ɗanya, tad danna babban yatsanta cikin gurbin tsakiya don kada a musanya mata wurin gashi. Mai ya daɗe da cike wurin, amma ni na san yana nan. Ka tuna yatsan ai. Mai tabon lauje."

"Na tuna."

"Dole ka tuna. Babu kunnen da ya sha shi cikin danginmu awa naka. Shi as sa guda ya hi guda tsawo har yau."

Hannun Maitama ne ya tafi aljihu da kansa, ya dafe. Da ya bar shi a cinya da ya fi masa, don idon Yalwa idon mai saye da sayarwa ne, ba ya wuce abu.

"Tsaya. Mi as sa rigarka tak karkace? Wuyanta ya koma kahwaɗa."

"Ɗinki na. Telan ɗan Shinkahi na."

"Mi ag ga aljihun?"

"Goro."

"Goron da ka jan riga ƙasa awa an rataya dutsen niƙa? San mani guda."

"Na suna na, an ƙidaya."

"Ɓallo mani ɓari."

"Daushe na, haƙoranki ba su iyawa. Guda nawa ma sunka rage maki?"

"Sun isa in cije ka. As!"

Ta faɗi haka ne kawai tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji, amma Maitama ya zabura har ya buge gwiwa da dakali. Yalwa ta kwashe da dariya.

"Mai kaza ga aljihu ba ya jimirin as! Hiddo ta mu gani."

"Bari in duba ko an kira salla."

"Hantsi na, wace salla?"

"Walaha."

Ya miƙe da niyyar ficewa. Rigar tsohuwa ce, aljihun ya kwana biyu yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa. Ɗinki ya ce ɓarr, abu ya sulale ta cikin riga, ya sauka tim a kan babban yatsan ƙafarsa, ya gangara ya tsaya daidai bakin darduma. Zafin ya kai masa har ƙwaƙwalwa, amma ya haɗiye shi, don wanda ya ɗebo da zafi bakinsa.

Yalwa ta sunkuya. Abu ne zagaye, fari-fari mai duhu, sama a shafe ƙasa a dunƙule. Mace da ta yi rayuwarta gaban tanda ba ta bukatar a gaya mata daga ina wannan siffa ta fito.

"Masa," ta ce.

"Kama ta yi."

"Masar darma. Cikin tandata."

"Aro niy yi. Ɗan kaɗan."

"La'ilaha illallahu! Abin da mutane ka cin abinci ciki kaz zuba wa dahin batir? So kakai Na'ibi ya ci masa ya koma Zurmi bisa makara? An raɗa maka Maitama don ka yi tauri awa tama, ashe Maidarma anka haihwa, ɗan zahi kaɗan ka narke ka bi rariya!"

"Kak ki soma! Kak ki kuskura sunan ga ya hita zauren ga. Kin san mutanen Kaura, in sunka riƙe suna har jikoki. Ni ko a lahira anka kira ni da shi ba ni amsawa."

"Za ka amsa gaban alƙali. Yanzu ba da ba ta. Ana gama suna kotu za ni kai ka, a rage maka hannun da ka ɓarna."

"Babu alƙalin da ka taɓa hannun taubashi. Kayan taubashi ba sata ba na, tambayi ko wane malami. Ke da kinka hizge mani hula ranar Salla gaban mutane, kinka saida kinka sha rake, na kai ki ƙara?"

"Hular ta yi wari, taimakonka niy yi."

"To ni ma taimakonki niy yi. Na ƙone maki dauɗar shekaru."

"Na ji. Tashi ɗauko ta in ga irin taimakon. In wanki na, in wanke da toka in ajiye ta ko ba a ƙara suya ciki ba."

Nan ne Maitama ya ga ba mafita. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to shi ya naɗe iyakar haukansa, tabarmar ba ta ƙare ba. Ya fita yana ɗingishi, ya zagaya bayan gida, ya hau rumbu. Ya daɗe a can fiye da yadda ɗauko tanda ke bukata. Da ya dawo, buhu ne rungume a ƙirjinsa. Ya durƙusa ya buɗe shi a hankali, ya jera ɓari biyun kusa da juna, yana ta matsa su kamar in sun haɗu za su manne.

Yalwa ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta juya shi, ta bi bakin tsagar da yatsa. Tsagar ta ratsa ta gurbin tsakiya ne, ta marmashe shi, babu abin da ya rage a wurin sai gari. Ta ajiye, ta gyara ɗankwalinta, ta jawo mayafinta ta rufe kafaɗa kamar wadda ta shiga gidan baƙi.

"Ba komi, Malam Maitama," ta ce a hankali. "Haka Allah ya ƙaddara. Na gode da sabuwar, Allah shi saka da alheri. Bari in shiga in gaida mai jego."

Har da ɗan rusunawa.

Maitama ya ji kamar an kwara masa ruwan randa. Malam! Tun da uwarsa ta haife shi Yalwa ba ta taɓa ce masa Malam ba. Ranar aurensa ta kira shi angon ɓera, ranar da ya fara aikin reluwe ta ce an ɗauki mai gadin ƙofa, ranar da mahaifinsa ya rasu ma, bayan ta gama kuka, sai da ta raɗa masa cewa yanzu ba shi da mai fansarsa. Da wannan zagin suka tsufa, shi ne zumuncin. In taubashi ya fara girmama ka, to ya fitar da kai daga dangi ne ba tare da ya kira shaidu ba. Gara kotun sau dubu.

"Yalwa."

"Na'am, Malam."

"Don Allah zage ni."

"Haba Malam. Ni wa, in zagi babban mutum cikin gidanai?"

"Ce mani bawa. Ce mani ɓarawo. Na yarda ke ɗiyar mace kin hi ɗan namiji. Kira Suwaiba ki hwaɗa mata, kira unguwa duka."

"Ba a yi haka ba, Malam. Tanda ai ƙasa ta, ta koma ƙasa."

Ta ɗauki ƙullinta. Maitama ya rarrafa ya tare ƙofar shiga gida, dattijo da furfura, gwiwa biyu a ƙasa, aljihu a yage. Girma ya faɗi, kuma bai damu da wanda zai leƙo ya gani ba.

"To tsaya ki ji, in kin ji ki wuce. Ba Gusau, ba Moriki. Kunyar Na'ibi nij ji. Na ce kada malami ya shigo zaurena ya ga gumaka, ya ce ɗanai ya auro ɗiyar ɗan wasa, a riƙa yi wa Mubaraka gori gidan miji. Na narke su duka, har jakin. Kunyar baƙo ta sa nic ci amanar gida. Kuma ba sau guda niz zuba ba."

Ta tsaya, ba ta waigo ba.

"Na hwarko ya ƙone ƙanzon man nan na shekaru, ya ɗago shi ɗungum. Da na tsaya nan da ta tsira. Sai nig ga gurabe sun yi tas, nic ce bari in ƙara guda. Ina zubawa nij ji ƙas. Sauran na tura su ƙarƙashin rumbu. Wagga ta gurbin tsakiya ta. Kwana biyu tana aljihuna, ba ni iya barci, ba ni iya maida ta wuta. Ɗauki ki juya ta."

"Mi zan gani ga darma, Malam?"

"Juya ta dai."

Ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa don kada ta bar dattijo da hannu a miƙe, nauyin ya ja hannunta ƙasa. Ta juya gefen dunƙulen wajen hasken ƙofa.

A tsakiyar masar akwai ɗan tudu, girman babban yatsa. Abin da aka danna a yumɓu ya zama rami, darma kuwa da ta cika ramin sai ta fito da yatsan kansa: ga cikinsa, ga 'yan layukansa a jere, ga tabon lauje ya ratsa shi a karkace. Rabon Yalwa da ganin wannan yatsa tun ranar da ta wanke shi da hannunta aka sa a likkafani.

Ta koma ta zauna, ba a kan darduma ba, a ƙasa. Ta ɗora nata yatsan a kai. Hawaye ya zubo mata ba ta share ba, Maitama kuma ya sunkuyar da kai yana kallon yatsan ƙafarsa da ya fara kumbura. Daga cikin gida jariri ya tsala kuka, aka rarrashe shi ya yi shiru.

Can ta ja hanci. "Kac ce duka kan narke?"

"Duka."

"Har jakin?"

"Shi na ƙarshe. Rabin wagga ma shi na."

Ta sake duban masar, ta dubi Maitama, ta dubi kunnensa. Gefen bakinta ya motsa.

"Allah Sarki, Inna," ta ce. "Ko cikin kabari ba ki huta ba. Duk rayuwarki jaki kika kamawa ga kunne, yau ma ga shi kin danne wani."

Maitama ya ɗago kai da sauri. Bai taɓa jin daɗin a kira shi jaki kamar yau ba. Dariya ta ƙwace masa tare da ƙwalla, ya rasa wadda zai tare.

"Ƙara," ya ce. "Don Allah ƙara."

"Matso nan, ɓarawon tanda, tsohon banza mai kunne guda da rabi. Matso, Inna ta ba ni saƙo."

Ya matso. Ta kama dogon kunnen, ta ɗora masa yatsan darmar mai sanyi, ta murɗa da iyakar ƙarfinta.

"Wayyo! Gwaggo na tuba!"

"Wannan na zubin hwarko na." Ta sake murɗawa. "Wannan na biyun. Na Gusau da rajista sai bayan suna."

Ta sake shi, ta kwance haɓar zanenta ta ƙulle masar a ciki tam, zanen ya karkace gefe guda kamar yadda rigarsa ta yi. Ɓarin tandar kuma ta mayar da su buhu da kanta, ta ajiye kusa da ƙullinta.

"Wagga tawa ta, kak ka ƙara tambayar ta. Akwati za ta, ba inda yara ka kai baki ba. Sauran da ka tura ƙarƙashin rumbu kwashe su nesa da angona."

"An gama."

"Ita ko wagga mai bakin," ta jawo tandar ƙarfen da ƙafa, "sabuwa ba ta suya sai ta sha wuta ta sha mai. Wuni guda aka yi ana gasa ta. Tunda kai gwanin wuta na, kai za ka zamna tsakar gida cikin mata kana hurawa har magariba."

"Cikin mata? In maƙwabta sunka shigo barka hwa?"

"Su gani. Ko ka hi son in ba Na'ibi labarin zakarun da sunka tuba?"

"Ina gawayi?" in ji Maitama.

Ta ɗauki ƙullinta da buhunta ta yi gaba, shi kuma ya tsaya tattara darduma, kunne na zafi, yatsa na zogi, zuciya kuwa wasai kamar an sauke masa buhun gero. Yana jin ta a tsakar gida tana rangaɗa wa Suwaiba barka, tana cewa a miƙo mata angonta ta ga ko ya yi sa'a bai ɗauko kunnen kakansa ba. Mata suka yi shewa. Sai kuma ta ɗaga murya yadda har masu wucewa a hanyar tasha za su ji.

"Maidarma! Wutar hwa?"

Maitama ya dubi ƙofar waje, ya dubi ta ciki. Ya rungumi tandar ƙarfe, ya gyara yagaggen aljihunsa.

"Na'am," ya ce. "Ga ni nan tahe."